Duhun Big Pit da Iskar Blorenge

Kafin a bar ka ka shiga kejin sauka rami sai an karɓe maka waya. Agogon hannu ma, in dai mai batir ne, sai ka kwance shi. Makullin mota mai latsawa, ashana, taba, duk a zuba su cikin jaka a ajiye maka a sama. Tun daga nan wurin ya shiga raina. Ba don burga ake wannan karɓe-karɓen ba. Har gobe doka tana kallon Big Pit a matsayin mahaƙar kwal, kuma a cikin ramin kwal tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da gobara idan ya haɗu da iskar gas ɗin da ke tsattsafowa daga jikin kwal. Da na miƙa wayata sai na ji a jikina cewa yau ba kallo ta bayan gilashi na zo yi ba.

Big Pit yana gefen garin Blaenavon ne, a kudancin Wales ta ƙasar Birtaniya, tafiyar da ba ta cika awa ɗaya ba a mota daga Cardiff. Shekara ɗari cur aka yi ana fitar da kwal ta bakin wannan rijiya, daga 1880 zuwa Fabrairun 1980. A 1923, lokacin da kasuwa ke ci, mutum 1,399 ne ke cin abinci a nan. Bayan an rufe, maimakon a cike ramin a rushe gine-ginen kamar yadda aka yi wa ɗaruruwan irinsa, sai aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 1983. Allah ya yi wa waɗanda suka yi wannan tunani albarka! Sunan ma asalinsa daga rijiyar ne: an faɗaɗa ta har tana ɗaukar kurar kwal biyu gefe da gefe, abin da ba a saba gani ba a yankin a wancan zamani, sai mutane suka riƙa ce mata babban rami, sunan ya bi ta.

Mu uku muka je, ranar wata Asabar ta ƙarshen Agusta: ni da maiɗakina da ɗan ƙanwata mai shekara tara da ya zo mana hutu. Aka ɗora wa kowa hular kwano mai fitila a goshi, aka ɗaura mana ɗamara mai ɗauke da batir da wani gwangwanin ƙarfe wanda ake shaƙar iska ta cikinsa idan hayaƙi mai guba ya tashi. Nauyin kayan ya kai kilo biyar. Yaron nan sai gyara ɗamara yake yana washe baki, ya ga kansa ya zama ma'aikaci. Aka tura mu cikin keji, kafaɗa na gugar kafaɗa, aka ja ƙofa, ƙararrawa ta buga, sai ƙasa ta zame daga ƙarƙashin ƙafafunmu. Hasken rana ya yi ta tsukewa a sama har ya ɓace. Bangon rijiyar yana wucewa a jiƙe, sanyi yana tasowa yana shiga hannun riga. Mita 90 muka nutsa.

Mutumin da ya jagorance mu shi ne rabin daɗin tafiyar, in ma bai fi rabi ba. Dattijo ne mai faɗin ƙirji, tun yana saurayi ya fara aikin rami, kamar mahaifinsa da kakansa. Da yawa daga cikin masu jagora a Big Pit irinsa ne, mutanen da suka haƙi kwal da hannunsu, kuma wannan shi ne abin da babu kuɗin da zai saya wa wani gidan tarihi. Ba haddar littafi yake karanto mana ba. Idan ya ɗora tafinsa a kan dirkar katakon da ta tokare rufin, sai ka ga hannun ya san wurin. Ya ce mahaƙa sun fi amincewa da katako saboda katako yana magana: kafin ya karye sai ya yi ƙara, wanda ya san aikinsa kuwa da jin ƙarar zai ja abokansa su bar wurin. A bayan hannunsa akwai wasu 'yan layuka shuɗaye a ƙarƙashin fata. Na tambaye shi, ya kawo hannun ƙarƙashin fitilata. Yanka ne da ƙurar kwal ta shiga, fata ta warke a kanta, launin ya zauna har abada. Nan take na tuna tsagar fuskar kakata, wadda wanzami ya shafa wa baƙin tukunya tun tana jaririya. Shi ma zanen gidansu ke nan, duk inda ya shiga ɗan'uwansa mahaƙi zai gane shi.

Muka bi shi cikin lunguna, wani wurin a miƙe, wani wurin sai an sunkuya, hular kwano tana ƙwanƙwasar rufi. Siririn dogo yana shimfiɗe a ƙasa, kurar ƙarfe tana tsaye a kai kamar jiya aka bar ta. Ruwa yana gudu a gefen hanya, launinsa ja-ja kamar tsatsa saboda ƙarfen da ke cikin duwatsun. Ya nuna mana fuskar kwal ɗin kanta, baƙa wuluk tana ƙyalli, ya nuna yadda mutum zai kwanta a gefe ɗaya cikin wurin da bai kai tsayin tebur ba, ya wuni yana sara da diga.

Sai muka iso wata ƙofar katako mai nauyi. Ya tsayar da mu, ya bayyana cewa irin waɗannan ƙofofi su ke juya iska ta zaga ko'ina cikin rami. In aka bar ɗaya a buɗe, iska mai kyau ta yanke hanya, gas ya taru a can ciki. To wa ke tsaron ƙofar? Yara. 'Yan shekara shida, bakwai, maza da mata. Yaro zai zauna a bayan ƙofa riƙe da igiya, in ya ji tahowar kura ya ja ya buɗe, in ta wuce ya rufe, haka har awa goma sha biyu. Kyandir kuɗi ne, iyaye da yawa ba su da halin saya, in ma an saya iskar ƙofar tana hure shi. Daga nan dattijon ya ce kowa ya kashe fitilarsa.

Na sha zama cikin duhu. Na taso a garin da ɗauke wuta ba labari ba ne, na kwana a ƙauye a daren da babu farin wata. Amma duk wannan ashe da sauran haske a ciki: akwai tauraro, akwai jan garwashi a murhun maƙwabta, akwai bakin ƙofa da ya ɗan fi bango haske. Wannan kuwa babu komai. Na ɗaga tafina har ya taɓa hancina, ban gan shi ba. Na buɗe ido, na rufe, duk ɗaya. Ido yana ta neman abin da zai kama, ya rasa. Sai kunne ya karɓi aiki: ɗigar ruwa can nesa, numfashin mutumin da ke bayana, ƙarar ɗamarar wani. Ban san lokacin da ɗan ƙanwata ya lalubo hannuna ba, sai ji na yi ya damƙe yatsuna biyu da ƙarfi.

"Kawu," ya ce a hankali, "kana nan?"

"Ina nan, ɗana. Riƙe ni."

Bai fi minti ɗaya muka yi a haka ba. Yaron da ke riƙe da ni ya girmi waɗanda ake ajiyewa a bakin wannan ƙofa, su kaɗai, da ɓeraye suna bi ta kan ƙafafunsu. Da aka kunna fitilu na dubi maiɗakina, idonta ya kawo ruwa, nawa ma haka. Na karanta labarin nan a littafi tun da daɗewa, na san cewa sai a 1842 majalisar Birtaniya ta hana mata da yara maza 'yan ƙasa da shekara goma aiki a ƙarƙashin ƙasa. Amma sanin shekara daban, tsayuwa a bakin ƙofar daban. Minti ɗayan nan kaɗai ya biya ni man motata da wunina.

Gaba kaɗan sai ga barga. Barga sosai, a cikin ƙasa, an shafe bangonta da farar ƙasa, kowane ɗaki da sunan dokinsa a rubuce. An yi lokacin da dawaki 72 ke aiki a wannan rami suna jan kura. A nan suke ci, a nan suke kwana, a nan ake yi musu kofaton ƙarfe. Sai daga baya ne aka fara fitar da su hutun mako biyu a shekara su ga ciyawa. Jagoranmu ya yi maganarsu da taushin murya irin na wanda ya san doki, ya ce mahaƙi yakan raba abincinsa da dokinsa, kuma doki yakan toge ya ƙi gaba idan ya ji rufi yana motsi. Duk wanda ya taso a gidan da ake ɗaure doki zai tsaya a wannan barga ya kasa tafiya.

Bai ɓoye mana ɗacin aikin ba, kuma na ƙara ganin girmansa saboda haka. Ya ambaci Senghenydd, inda gas ya fashe ranar 14 ga Oktoba 1913 ya kashe mahaƙa 439, hatsari mafi muni a tarihin haƙar kwal a Birtaniya, a shekarar da kudancin Wales ya fitar da kwal kusan tan miliyan 57. Ya ambaci Aberfan, inda tulin tarkacen kwal ya zaftaro kan makarantar firamare ranar 21 ga Oktoba 1966, mutum 144 suka rasu, 116 daga ciki yara ne. Ya yi maganar ƙurar da ke cika huhu a hankali har dattijo ya kasa hawa matakalar gidansa. Ina sauraronsa zuciyata ta tafi Inugu. Mu ma muna da ramukanmu: an gano kwal a Udi a 1909, aka shimfiɗa dogo zuwa Fatakwal don a kwashe shi, kuma da shi jiragen ƙasanmu suka yi shekaru suna tafiya. A Iva Valley, ranar 18 ga Nuwamba 1949, 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wuta kan mahaƙa masu neman haƙƙinsu, suka kashe 21, suka raunata 51. Na gaya wa dattijon wannan muna jiran keji. Ya yi shiru, sa'an nan ya kama hannuna ya girgiza, ya daɗe bai saki ba. Ina ma a ce wata rana ɗan makaranta daga Kano ko Zariya zai je Inugu a ɗora masa hular kwano, jikan mahaƙi ya riƙe hannunsa ya nuna masa inda kakansa ya yi aiki.

Da keji ya fito da mu, hasken rana ya zubo mana kamar an watsa ruwa. Ban taɓa ganin koren ciyawa ya yi kyau haka ba.

Kada wanda ya je ya ce daga rami sai mota. A hau tudu a shiga gidan wankan mahaƙa, wanda aka buɗe a 1939. Layi-layi ne na akwatunan ƙarfe, ɓangare ɗaya na kayan gida masu tsabta, ɗaya na kayan aiki, wurin wanka a tsakani. An buɗe wasu akwatunan an sa hoton mai shi da tarihinsa da 'yan kayansa: gwangwanin abinci, gorar ruwa, sabulu. Maiɗakina ce ta fi daɗewa a nan, ita ce kuma ta nuna mini abin da ban lura da shi ba. Kafin a gina wannan wuri, namiji yakan koma gida baƙi ƙirin, matarsa ce za ta ɗebo ruwa, ta dafa, ta juye a bahon kwano a gaban murhu, ta wanke kayan, ta shanya su cikin ɗaki. In tana da miji da 'ya'ya uku a rami, kowa da lokacin tashinsa, to ita ba ta da lokacin tashi. Ta ce mini, "Maigida, wannan ginin ai mata aka 'yanta da shi." Gaskiyarta. Gidan tarihin ya ba matan nan wurinsu, da hotunansu da labarinsu, har zuwa rawar da suka taka a dogon yajin aikin mahaƙa na 1984 zuwa 1985. A wani ɗaki kuma ga kanari cikin keji, tsuntsun da masu aikin ceto ke shiga da shi domin shi guba ke fara bugewa kafin mutum. Ban yi mamaki ba da na ji wurin ya ci kyautar Gulbenkian ta gwarzon gidan tarihin Birtaniya a 2005. Da ni ne alƙali da na ba shi sau biyu.

A cikin gari mun tsaya a tsohuwar ma'aikatar narkar da tama, wadda ta fara aiki a 1789, da manyan tanderunta na dutse. A nan Blaenavon ne Sidney Gilchrist Thomas, wani akawun kotu daga Landan, da ɗan'uwansa Percy Gilchrist suka gano yadda ake raba ƙarfe da sinadarin fosfaras mai sa shi karyewa, suka bayyana wa duniya a 1878. Mun kuma wuce ta gaban zauren ma'aikata na 1895, ƙaton gini da leburori suka tayar da rabin kwabon da ake cira daga albashin kowa duk mako, don su sami ɗakin karatu da wurin taro. Rabin kwabo! Amma ƙafata tana ƙaiƙayi, dutse yana kira.

Minti kaɗan a mota daga gari, kan hanyar Abergavenny, akwai wani tafki a kan tudu da ake kira Keeper's Pond. Nan muka ajiye mota, muka ɗaure takalma, muka kama hanyar dutsen Blorenge. Wayyo, iska! Bayan iskar rami mai warin danshi da tsatsa, wannan sai ka ji kamar ana wanke maka ƙirji. Ƙarshen Agusta ne, gajeren tsiron da ke rufe tuddan Wales ya yi fure, dutsen gaba ɗaya ya zama shunayya kamar an shanya rini. Tumaki suna kiwo babu makiyayi. Wani tsuntsu mai kama da fakara ya tashi fir daga gabanmu yana kuka, yaron ya bi shi da gudu har sai da na kira shi.

Abin da ya sa nake cewa a haɗa rami da dutse a wuni ɗaya shi ne, idan ka fito daga Big Pit idonka ya riga ya buɗe. Da ban shiga ramin ba, da na ce wannan daji ne da Allah ya bari yadda ya halitta. Ina! Tafkin nan mai kyau mutane ne suka tare shi a farkon ƙarni na 19 don ya ba maƙerar Garnddyrys ruwa. 'Yan tuddan da ciyawa ta lulluɓe, tarkacen haƙa ne. Kwarin da ka tsallaka, tama aka kwashe a ciki. Shimfiɗaɗɗiyar hanyar da ke zagaye ƙugun dutsen, wadda na yi ta yaba daɗin takawarta, tsohuwar hanyar kura ce ta Thomas Hill, ɗaya daga cikin masu ma'aikatar ƙarfen, inda dawaki ke jan ƙarfe zuwa gangaren Llanfoist a loda shi a jiragen ruwa. Na durƙusa na ga duwatsun da aka ɗaure dogo a kansu, kowanne da hudarsa, ruwan sama ya taru a ciki. Na sa yatsa a ɗaya. Shekara ɗari biyu ke nan da wani ya huda ta da guduma da kurfi. A Garnddyrys kuwa, inda a da wuta ba ta mutuwa dare da rana, babu abin da ya rage sai harsashin gini da wani ƙaton curin kashin maƙera, ya fi mutum tsayi nesa ba kusa ba, yana tsaye a gefen hanya, tumaki suna fakewa a inuwarsa. Wannan ne ya sa UNESCO, da ta tashi a shekarar 2000, ba ramin kaɗai ta sa cikin wuraren tarihi na duniya ba, ta haɗa da gari da tuddai da hanyoyi, murabba'in kilomita 33.

Akwai doguwar hanya mai zagaye da ake kira Iron Mountain Trail, ta wuni guda ce ga mai ƙarfin ƙafa. Mu da yaro sai muka yanki wani ɓangarenta, muka karkata zuwa ƙololuwa. Kusa da wasu dogayen turakun sadarwa guda biyu muka tarar da allon ƙarfe a jikin duwatsu: kabarin Foxhunter, dokin da Harry Llewellyn ya hau a gasar Olamfik ta Helsinki a 1952, cikin tawagar da ta samo wa Birtaniya zinarenta ɗaya tilo na wannan shekara. Na tsaya a kansa ina tuna sunayen da na karanta da safe a bangon barga. Ɗan ƙanwata ma abin da ke ransa ke nan, don ya tambaye ni ko dawakin rami su ma an kawo su nan. Na ce masa a'a, amma ga shi mun san sunayensu, shi kuma ya fara lissafo waɗanda ya riƙe.

Ƙololuwar Blorenge mita 561 ce, hawanta daga wannan gefen ba wuya, sai dai duwatsu a hanya da laka nan da can. Ka daure ka ƙarasa gefen arewa inda dutsen ya yanke. Subhanallahi! Garin Abergavenny yana kwance a ƙarƙashin ƙafarka kamar an zuba tsakuwa a faranti, kogin Usk yana lanƙwasa cikin gonaki, dutsen Sugar Loaf ya miƙe tsaf a gaba kamar tulin gero a masussuka, inuwar gajimare tana tafiya a kan kwari. Wasu masu tashi da lema suka zabura daga bakin gangaren, iska ta ɗauke su suna shawagi. Nan muka shimfiɗa darduma a bayan wani dutse da ya tare iska, muka yi la'asar, muka buɗe fulas ɗin shayi da dambun naman da maiɗakina ta yi. Ban taɓa shan shayin da ya kai wannan daɗi ba.

Wanda zai je, ya yi sammako, domin layin shiga rami yana tsawo a lokacin hutun makaranta, kuma yaro sai ya kai mita ɗaya a tsayi ake barinsa ya sauka. A sa takalmi mai kauri, a riƙe rigar sanyi da ta ruwa ko da rana ta fito, don sanyin rami ba ruwansa da bazara, hazo kuma yakan rufe Blorenge cikin ɗan lokaci. Ni dai na riga na gaya wa abokaina biyu su shirya iyalansu, da kaka za mu koma, kuma wannan karon sai na zagaye doguwar hanyar nan tun daga farko har ƙarshe.

Mun iso gida bayan isha'i, ƙafafu sun yi nauyi. Na raka yaron ɗakinsa, ya kwanta, na ja labule na kashe masa fitila. Har na kama ƙofa sai na ji muryarsa.

"Kawu."

"Na'am, ɗana."

"Wannan ai ba duhu ba ne. Ina ganin hannuna."